Amfilifaya na ƙugi a falo? Ga yadda ake bin sawun ƙarar har a kamo ta

Kwanakin baya yayana da ke Tudun Wadar Zariya ya kira ni bayan isha'i, wai in zo in duba masa amfilifayarsa, ta ishe shi da ƙugi, da ya kunna karatu ko labarai sai ka ji huuummm a ƙasan maganar kamar an bar mota a kunne a ƙofar gida. Sau biyu yana ɗora ta a Keke Napep zuwa Sabon Gari, mai gyara ya jona ta a shago ya ce Alhaji wannan lafiyarta ƙalau, a dawo da ita gida a jona ƙugi ya dawo. Da na je ban buɗe komai ba, na ce Yaya bari in leƙa baya, na cire wayar dish ɗin da ta shiga dikoda, falo ya yi tsit. Ya ce "kai ƙanena, dama abun a nan yake?" A nan yake kuwa, mai gyaran bai yi ƙarya ba, ƙarar a gidan take ba a cikin amfilifaya ba.

Shi ya sa na ga ya kamata in zauna in rubuta yadda ni nake bi, don yawancin masu kayan sauti a garin nan kuɗin da suke kashewa a kan ƙara ba a inda matsalar take suke kashe shi ba. Kowace ƙara tana da ƙofar da ta shigo, aikinka ka gano ƙofar, kuma kusan duk binciken da kunne da hannu ake yinsa.

Da farko, saurari irin ƙarar

Ka kashe fanka da talabijin, ka bari gida ya yi shiru, ka sa kunne kusa da sifika ba tare da an kunna waƙa ko karatu ba. Ruwa ba ya tsami banza, kowace iri da abun da ke kawo ta.

In ƙugi ne mai kauri a ƙasa, huuummm, ba ya hawa ba ya sauka, to wannan muryar wutar lantarki ce da kanta. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, abun da ake rubutawa 50Hz a bayan kaya, kuma wannan juyin ne kake ji ya sato hanya ya shigo cikin sauti. In kuma ƙugin ya ɗan fi sirantaka ya haɗu da zzzz kamar zirnaƙo ya shiga ɗaki, sau da yawa 100Hz ne ko sama, wanda ke nuna ko dai ɓangaren da ke tace wuta a cikin amfilifaya ya gaji, ko wani abu a gidan yana ɓata wutar. Akwai shhhh kamar taya na sacewa, akwai ƙaraf-ƙaraf kamar ana suya musamman in ka murɗa bolum, akwai ƙwas guda ɗaya da ke zuwa jefi-jefi, sannan akwai dit-dit-dit-dit ɗin nan da kowa ya sani kafin kira ya shigo waya. Ka riƙe wacce ce taka, za mu dawo kansu.

Wani abu da mutane ke tsallakewa: ka tabbata daga sifika ƙarar take fitowa. Ka kashe, ka cire wayoyin sifika, ka kunna ka sa kunne a jikin akwatin amfilifayar. In har yanzu kana jin ƙugin to tiransifomar ciki ce ke rawa, ba sauti ba ne, ƙarfe ne ke girgiza, kuma maganinsa daban.

Na biyu, tuɓe komai

Kashe amfilifaya tukuna. Dan Allah duk inda na ce cire ko jona a rubutun nan, a kashe ake yi, don ƙarar da ke fita in ka zare waya a kunne tana iya kashe maka ƙaramar sifikar sama nan take.

Cire duk abun da ya shiga bayanta, wayar talabijin, ta dikoda, ta DVD, ta waya, eriyar rediyo, Bluetooth ɗin da aka maƙala, duka. A bar wayar wuta da wayoyin sifika kawai. Ka jona ta kai tsaye a soket na bango, ba ta ekstenshan ba. Ka zaɓi CD ko AUX, kar ka zaɓi PHONO in tana da shi, don shi PHONO an yi shi ne saboda faifan garmaho, yana ƙara ƙarfin sauti ninkin ba ninkin, ko lafiyayyar amfilifaya za ta ɗan yi shhh a nan. Kunna, bolum a ƙasa, ka ɗaga a hankali.

In ta yi tsit, alhamdulillahi, amfilifayarka da sifikunka lafiya suke, ka ajiye kuɗin gyara. In ƙarar tana nan, sai ka yi gwaji biyu masu sauƙi. Na ɗaya, murɗa bolum: in ƙarar na ƙaruwa da shi, ta shigo ne tun kafin bolum ɗin, wato ɓangaren da ke karɓar sauti, in kuma ba ruwanta da bolum ko ka kai shi sifili tana nan yadda take, to zargi ya koma kan ɓangaren wuta ko ɓangaren da ke tura sifika. Na biyu, gefe ɗaya ne ko duka biyu? In gefen hagu ne kaɗai, kashe ka musanya wayoyin sifika a bayan amfilifaya, ta hagu ta koma dama ta dama ta koma hagu. In ƙarar ta tsaya a sifikar da take tun farko, sifikar ce ko wayarta. In ta yi ƙaura zuwa ɗayar, amfilifaya ce.

Na uku, mayar da su ɗaya bayan ɗaya

A nan haƙuri yake, kuma a nan aka fi kama ɓarawon. Ka jona abu ɗaya, kunna, saurara, kashe, ƙara na biyu, haka har ƙarar ta dawo. Wanda ka jona ƙarshe shi ne ƙofar. Kar ka jona biyu lokaci ɗaya don kana sauri, za ka koma farko ne kawai.

Da ka kama shi, fara canza wayar kafin ka zargi na'urar. Wayar nan mai kai ja da fari, RCA, irin wadda ake bayarwa kyauta a kwali, cikinta 'yan siraran gashin tagulla ne kuma rigar da ya kamata ta kare sautin daga wutar waje kusan babu, ga shi bakinta yana saki ko ya yi tsatsa. Ka ɗan motsa ta a inda ta shiga, in ƙugin na zuwa yana tafiya to ita ce. Ba sai ka sayi mai tsadar gaske ba, mai kauri daidai wadda bakinta ke kamawa gam, kuma gajera, mita ɗaya in ya isa kar ka sa mita biyar ka naɗe sauran. Sannan ka raba ta da wayoyin wuta, kar a ɗaure su tare da kyauro ko salatif don bayan talabijin ya yi kyau, in dole su haɗu to su gitta juna kamar mararraba kar su jera.

Yanzu ga irin ta gidan Yaya, wadda ita ce ta fi wahalar da mutane don ba abun da ya lalace. Kowace na'ura tana da abun da ta ɗauka a matsayin ƙasa, wato sifilinta. Amfilifaya ta samu nata ta ƙafa ta uku ta fulogi, dikoda kuma ta samu nata ta wayar dish da ta fito daga kan kwano ko jikin katanga, talabijin na wani soket can daban. In waɗannan ƙasashen ba su zo daidai ba, ko da bambancin bai kai bolt ɗaya ba, sai wata 'yar wuta ta riƙa zagayawa ta cikin wayar sautin da ta haɗa su, amfilifaya kuwa ba ta san bambancin wannan da muryar mai karatu ba, duk abun da ya shigo ƙara shi take yi ta tura sifika. Shi ya sa a shagon mai gyara shiru, don can ba dish ba talabijin, zagayen bai rufe ba.

Gwajin: bar komai a jone, ka warware wayar dish ko ta eriya daga dikoda. In ƙugi ya mutu ka gama bincike. Magani kuma daga mai arha zuwa sama. Fara da haɗa amfilifaya, talabijin da dikoda duk a ekstenshan ɗaya mai kyau a soket ɗaya, sau da yawa wannan kaɗai ya isa ko ya rage sosai. In bai yi ba, kuma talabijin ɗinka yana da wurin da aka rubuta Optical, yi amfani da shi, wannan wayar haske take ɗauka babu tagulla a cikinta don haka wutar ba ta da hanyar bi. In amfilifayar tsohuwa ce ba ta da wurin, akwai ɗan akwatin da ke mayar da hasken zuwa ja da fari, amma ka shiga saitin sauti na talabijin ka sa shi a PCM, in ba haka ba wasu tashoshin za ka ji shiru ko shhh mai ƙarfi ka zaci akwatin ne bai da kyau. Haka muka yi wa Yaya. Akwai kuma ɗan abun da ake sawa a tsakiyar wayar RCA mai 'yar tiransifoma a ciki, masu haɗa sautin mota sun san shi, yana yanke zagayen, sai dai mai arha yakan ɗan rage bes. Wanda ake sawa a wayar eriya kuma ka yi hattara da shi in dish ne, don dikoda tana tura bolt 13 ko 18 ta cikin wayar zuwa kan dish ɗin, in abun ya tare wannan wutar sigina zai ɗauke gaba ɗaya.

Abu ɗaya da nake roƙonka saboda Allah, za ka samu wanda zai ce maka karya ƙafa ta uku ta fulogi ko cire wayar ating, wato wadda ke haɗa na'ura da ƙasa, ƙugi zai tafi. Zai iya tafiya, gaskiya ne. Amma wannan wayar ita ce ke kwashe wuta ranar da wata waya ta kwance a ciki ta taɓa jikin ƙarfen, in ka cire ta, ranar jikin wanda ya taɓa ne zai zama hanyar, kuma a falo yara ne ke rarrafe babu takalmi. Kar ka yi.

Tunda an zo maganar ating, gidaje da yawa soket ɗin mai ƙafa uku ne amma wayoyi biyu ne a bayansa, haka ekstenshan masu arha. Alamar ita ce in ka shafa jikin dikoda ko laftof da bayan hannu ka ji ɗan tsir-tsir. Wannan aikin mai wayarin ne, ya duba ko akwai sandar tagulla da aka binne da gaske kuma ta haɗu da soket-soket. Irin ranin Zariya da ƙasa ke bushewa ƙayau ma yana rage mata ƙarfi, shi ya sa masu aikin ke zuba gawayi da gishiri a ramin.

Na huɗu, wutar da kake ba ta

Ka lura da lokacin da ƙarar ke zuwa. In da wutar NEPA shiru, da an tada janareta sai zzzz, to ba sai an tambaya ba. Ƙaramin janareta sai ya yi juyi 3000 a minti kafin ya ba da 50Hz, da firji ko famfon ruwa ya tashi sai injin ya nauyaya juyin ya sauka, wutar ta yi ta hawa da sauka, ga tartsatsin fulogin injin da wayoyi ke ɗauka. Ka nisanta shi da ɗakin, kar wayarsa ta bi gefen wayoyin sauti, a yi masa sabis, a rage masa kaya. Ni dai ra'ayina amfilifayar da kake ji da ita kar ka ɗora ta a kan ƙaramin nan mai haɗa mai da baƙin mai.

Masu sola kuma, inbata iri biyu ce. Akwai mai ba da wuta mai santsi irin ta layi, akwai mai arha da ke ba da ita a yanke-yanke kamar matakala. Ta biyun tana sa tiransifoma kuka da zafi, kuma ba wayar da za ka canza ta gyara wannan. Ka saurari fankar sama, in ita ma tana ƙugi duk lokacin da aka koma batir, inbatar ce.

Stabilaiza tana da amfani in wuta na zuwa ba ƙarfi, amma ba ta tace ƙara, kuma ita kanta akwai ƙatuwar tiransifoma a cikinta, in ka ɗora amfilifaya a kanta ko ka manna su sai ƙugi ya tsallaka ta iska. Ka ba su tazarar ko da kamu biyu ne ka ji bambanci. Ƙwas-ƙwas ɗin da take yi in wuta na rawa ma yakan fito a sifika.

Masu tokumbo, juya bayan ka karanta. Kayan Ingila bolt 230 ne da 50Hz irin namu. Na Amurka 120 ne da 60Hz, na Japan 100. Ko ka sa mata abun rage wuta, tiransifomar da aka yi don 60Hz takan fi zafi da ƙugi a kan 50Hz, in abun rage wutar ma ƙarami ne shi ma ya kama nasa kukan. Ka sayi wanda ƙarfinsa ya zarce abun da aka rubuta a bayan amfilifayar sosai, ka ajiye shi nesa.

Na biyar, maƙwabtan da ke cikin ɗakin

Bar amfilifaya a kunne tana ƙararta, ka zagaya kana kashe abubuwa ɗaya-ɗaya: cajar waya, ƙwan LED, regiletar fanka irin ƙaramar nan ta zamani, fitila mai caji, cajar laftof. Da yawa daga cikin waɗannan suna yanka wuta dubban sau a daƙiƙa kuma masu arha ba a sa musu abun tacewa. Laftof ma gwajinsa daƙiƙa biyu ne, zare caja, in ƙarar ta tsaya kan batir to cajar ce. Haka waya in tana caji kana jin waƙa ta AUX. Ƙwas ɗin da ke zuwa jefi-jefi, ka lura ko daidai lokacin da firji ke tashi ne, in shi ne ka raba musu layi. Dit-dit-dit kuwa waya ce in ta faɗo kan 2G, tana aika saƙo a guntu-guntu wajen sau 217 a daƙiƙa, ɗauke ta daga kan amfilifaya shikenan.

Shhh da ƙaraf-ƙaraf

Ɗan shhh da sai ka manna kunne a sifika kake ji, kowace amfilifaya tana da shi, rabu da shi. Wanda ke kaiwa har kujera, yawanci mutum ya rage sautin waya ko talabijin ƙasa sosai sannan ya ƙure bolum ɗin amfilifaya. Juya abun, ɗaga na wayar ya kai kusan sama, ka sauke na amfilifaya, ka mayar da tirebul tsakiya.

Ƙaraf-ƙaraf in ana murɗa bolum ko ana canza tasha, wannan kyautar hunturu ce, duk wanda ke da kayan sauti daga Samaru har Gyallesu ya san yadda ƙura ke shiga ko'ina daga Disamba zuwa Fabrairu. Cire daga wuta, ka murɗa maɓallin daga farko zuwa ƙarshe sau talatin ko arba'in, sau da yawa yana sharewa da kansa. In bai yi ba akwai feshi na musamman na wanke maɓallan lantarki a wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo. Kar a sa fetur, kar a sa kananzir ko man keke ko feshin kwance tsatsa, da farko zai yi kamar ya gyaru, bayan sati biyu man ya kama ƙura ya zama laka. Ka kuma riƙa rufe ta da ƙyalle in ba a amfani da ita, amma a kashe, kar ka toshe ramukan iska tana aiki.

Sifika ita ma tana ƙarya kamar amfilifaya ce. In ƙarar sai bes ya buga take fitowa, cire ragar gaba ka duba ko takardar ta yage ko soson gefenta ya ruɓe, sannan a kashe ka sa yatsu kewaye da tsakiya ka danna a hankali daidai-wa-daida, in ka ji tana gogawa kar-kar to naɗin wayar ciki ya ƙone ko ya karkace. Ka taɓa kusoshi ko sun saki, ka duba bayan kar wani gashin waya ɗaya ya tsallaka daga ja ya taɓa baƙi. Wani lokacin ma ba sifikar ba ce, gilashin shokes ne ko silin ke amsawa, ɗora hannu a kai ka ji ko ya daina. Kuma in an rubuta 8 ohm a bayan amfilifaya kar ka tara mata sifiku huɗu a gefe ɗaya don ana biki, sautin zai fashe ita kuma ta yi zafi.

In ya tabbata cikinta ne

Ka tuɓe komai, ka kai ta wani ɗaki ko gidan maƙwabci ka jona, ƙugin na nan a duka gefe biyu ba ruwansa da bolum, to yanzu ne lokacin mai gyara, kuma a tsohuwar amfilifaya galibi manyan kafasitocin da ke tace wuta ne suka bushe, zafin Maris da Afrilu ba ya raga musu, wani lokacin za ka ga kansu ya kumbura ko sun yi yoyo. Ko kuma dalma ce ta tsage a wani wuri. Kar ka buɗe da kanka in ba aikinka ba ne, kafasita tana riƙe wuta bayan an zare fulogi, a cikin irin na zamani marasa nauyi akwai wadda ke riƙe sama da bolt 300. In kuwa ka kunna ka ji bum mai ƙarfi ka ga takardar sifika ta turo waje ta tsaya, ko ka ji ƙauri, kashe nan take ka cire sifikun, kar ka sake gwadawa.

In ka je wurinsa kar ka ce masa "tana ƙara" kawai ka juya. Ka ce Malam, ƙugi ne mai kauri, duka gefe biyu, bolum ba ya canza shi, na cire komai yana nan, na gwada a wani gida ma yana nan, yana farawa da an kunna ko sai ta yi minti goma ta ɗau zafi. Ka roƙe shi in zai canza kafasita ya sa mai lamba ɗaya da ta asali, bolt ɗinta kar ya gaza na tsohuwar, ya ajiye maka waɗanda ya cire ka gani, sannan kafin ka biya ya jona ta da sifika a gabanka ba waƙa, ku yi shiru ku biyu ku saurara.